Ƙwan Agwagin Mma Adisa

A Zuru duk wanda ya ji na yi zaman Gana, labarin zinariya yake so in ba shi. Nakan ɗan ba su abin da zai sa a rabu lafiya, amma gaskiyar magana, zinariyar da ta taɓa zama a tafin hannuna ba ta kai ƙwayar dawa ba, kuma ba tawa ba ce. Abin da ya biyo ni gida labarin wata tsohuwa ne mai sayar da koko, da matar ɗanta mai ciki, da abincin da na dage sai an ba cikin nan.

Sunana Ishaya, mutumin Manga a ƙasar Zuru. Gidanmu gidan soja ne. Babana ya yi, wana yana ciki, har mijin ƙanwata yana ciki. Ni kuwa duk lokacin da aka zo ɗaukar sababbi sai in yi sammako in bi layi, a jingina ni da sandar awo a ce tsayina bai kai ba. A garin da gaisuwar tsofaffi ita ce tambayar barikin da ɗanka yake, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa a farkon shekarun dubu biyu, tun wayar hannu ba ta zama ruwan dare a wajenmu ba, na tsinci kaina a saman motar albasa mai zuwa Kumasi.

Direban, Malam Garba, mutumin Aliero ne. Ya yarda ya ɗauke ni a kan in riƙa ɗaure tamfol ina kwance shi. Muka ƙetare gadar Gaya muka shiga Malanbil, daga nan sai shingen jandarma bayan shingen jandarma, kowanne da hannu a miƙe da Faransancin da ban ji ko kalma ɗaya ba. Rana ta gasa mu, albasa ta fara gumi a ƙarƙashina, har burodin da na saya a hanya ɗanɗanon albasa yake yi. A ƙasar Togo, wajen Kara, muka ratsa wasu tsaunuka da gonaki a jikinsu, an jera duwatsu an tare ƙasa kamar yadda kakanninmu suka yi a namu. Nan kewar gida ta fara kama ni da gaske. Da muka tsaya shan ruwa Malam Garba ya dubi idanuna ya tambayi mi ya faru, na ce masa albasa ce. Ya ce lalle albasar bana tana da yaji, ya miƙo mini ɓarin goro.

A Kumasi na haɗu da mutumin da ya fara auna ni ya ce na isa. A tashar albasa ya same ni, da farar riga da hula mai kyau. Ya ce shi ma ɗan Nijeriya ne, ya ma taɓa kwana a Dabai. Da ya ji ni ɗan ƙasar Zuru ne sai ya tafa hannu, wai wani kamfanin haƙar zinariya yana neman masu gadi, kuma duk duniya ta san ba wanda ya kai mutanenmu iya sa kaki. Ya fito da tef irin na tela ya auna ƙirjina da tsayina a gaban jama'a, ya ce cif. Ban san lokacin da na miƙa masa takardar tafiyata da ɗan abin da ya rage a aljihuna ba, don a je a ɗinko mini kakin. Ya zaunar da ni a benci ya ce yanzu zai dawo. Ina jin da ban tashi don kaina ba, da har yau ina kan bencin nan. Malam Garba ya riga ya juya, kuma ko da yana nan kunya ba za ta bar ni in je gabansa ba. Na yi dako a kasuwa, na kwana a barandar shaguna, har na ji wasu samari suna zancen Dunkwa, inda ba a tambayar mutum takarda.

Dunkwa tana bakin kogin Ofin, wanda ruwansa ya yi kauri ya koma kalar kunu. Ba a cikin gari muke aiki ba, can gaba ne a wani sansani cikin kurmi, inda ake abin da suke kira galamsi, wato haƙar zinariya da hannu ba tare da izinin kowa ba. A haƙo ƙasa daga rami, a wanke ta a kan katakon da aka shimfiɗa wa bargo, a tattara baƙin yashin da ya maƙale, sannan a zuba masa zaiba. Ban taɓa ganin zaiba ba sai a can. Ruwa ce fara mai ƙyalli da nauyin ƙarfe, in ta zube sai ta rabu ƙwallo-ƙwallo tana gudu. Su magani suke ce mata. Da hannu muke murza ta a cikin yashin har ta kama zinariyar, a matse a hankici, a ƙona a kan gawayi, hayaƙi ya tashi, zinariya ta rage. Mai ramin shi ke ciyar da mu, shi ke awo, shi ke faɗin farashi, don haka kullum mu ne a ƙasa. Ruwan wankin kuwa sai ya gangara fadama abinsa. Na ga wannan da idona kowace rana. In ma na yi tunaninsa, cewa nake abu mai nauyi haka ai nutsewa zai yi ya zauna inda ya faɗi.

Mutum ɗaya ya sa na jure zaman, wani abokin aiki mai suna Seidu. Iyayensa daga arewacin Gana suka zo, shi kuma a zango ya tashi, Hausa yake yi irin tasu. Nakan yi wa tasa dariya, ya yi wa tawa dariya, don ni ma Hausar aro ce a bakina, da yarenmu na C'lela aka yi mini goyo. Shi ya koya mini in riƙa sauraron ƙasa, in ta fara zubo da tsakuwa in fita da gudu ko da na ga zinariya tana walƙiya. Ranar da ramin ya rufta masa, bayan wani ruwan sama, ina kwance a bukka zazzaɓi ya kayar da ni.

Bayan jana'iza uwarsa ta zo ɗaukar kayansa. Mma Adisa ke nan, tsohuwa mai faɗin kafaɗa da ƙunar itace a hannuwanta. Ta tarar da ni ina rawar sanyi a kan tabarmar ɗanta. Na yunƙura zan tashi in ba ta, ta ce in kwanta. Ta tambayi sunana, na faɗa, ta ce ai Seidu ya ba ta labarin gajeren ɗan Nijeriya. Ta naɗe kayan, ta nemo mai amalanke, ta haɗa ni da tabarmar aka kai mu gidanta.

Gidan yana ƙarshen zango, daga bayansa fadama ta fara. Su biyu ne a ciki, ita da Memuna matar Seidu, wadda cikinta bai daɗe da fitowa ba. Seidu kaɗai Mma ta haifa, don haka abin da ke cikin Memuna shi ne duk abin da ya rage mata a duniya. Sun yi jinyata da ruwan ganye da koko mai zafi har na miƙe. Ran Lahadi ita ke tashe ni, ta ce in tafi cocina kada in zauna mata kamar wanda bai san Allah ba. Ban koma rami ba. Na riƙa ɗebo ruwa, ina faskare, ina ɗaukar mata tukunyar koko zuwa sansani. Duk da haka abin yana ci mini rai. Ina cin tuwon gidan makoki, ina kwana a shimfiɗar mamaci, kuma aikin da nake yi kowa zai iya yinsa. So nake in ba su wani abu wanda yake nawa ne na kaina.

Mma tana da 'yan agwagi a akurki a bayan gida, dusa da ragowar abinci kawai suke ci, sun rame, ƙwai kuwa sai an dace. Ni kuma a kan agwagi na buɗe ido. Mahaifiyata tana kiwonsu tare da zabi a Manga, kuma ni ke nemo musu gara da tana, tsutsar nan mai laushi da ke cikin danshin ƙasa. Ƙasarmu duwatsu ce, kafin ka cika gwangwanin madara da tsutsa sai ka yi tafiya, shi ma sai da damina. Babana kuma, duk sanda zai duba sabuwar gona, kashin tsutsar yake nema a ƙasa. Ya koya mana cewa inda ta zauna ƙasa tana da lafiya, don ba ta yarda ta zauna a mugun wuri. Ban taɓa jin wani manomi a ƙasar Zuru ya musa wannan ba.

Ranar da na shiga fadamar bayan gida da fartanya sai na tsaya na riƙe baki. Ƙasa baƙa ƙirin, mai laushi, kashin tsutsa ya rufe ko'ina. Sara ɗaya sai ga su suna mutsu-mutsu, wata ta kai kaurin ɗan yatsa. Har haushin mutanen garin na ji, ga arziki a bayan gidansu sun bar shi suna bin rami yana kashe su. Wurin da ya fi ko'ina yawa wani kwari ne a lanƙwasar kogi, inda ruwa ke malala ya kwanta in an yi ambaliya. Yana ƙasa da inda muke wanke yashi, kuma na san haka.

Agwagi suka murmure. Gashinsu ya yi sheƙi, da sun hango ni da gwangwani sai su ruɗe da kuka, ƙwai ya fara zuwa har ana rasa inda za a sa. Memuna kuwa tun rasuwar mijinta ta daina cin abincin kirki. Wuyanta ya yi tsawo, in ta miƙe jiri ya kwashe ta. Na ce wa Mma ga magani a akurki, a riƙa dafa mata ƙwai. Mma ta ce faufau, mai ciki ba ta cin ƙwai, in ta ci yaron zai tashi da dogon hannu, ya zama ɓarawo. Haka uwarta ta yi, haka ita ma ta yi da cikin Seidu.

Na yi dariya har da riƙe ciki. Gwaggona ma'aikaciyar jinya ce a wani asibitin mishan a wajenmu, na sha jin ta tana yi wa mata faɗa a kan wannan camfin. Na ce likitoci sun ce ba abin da ya kai ƙwai gina yaro a ciki. Mma ta ƙi, ni kuma na nace. Da safe in kawo zancen, da yamma in kawo shi. Wata rana na ce mata in dai ƙwai ke sa sata, to mutumin Kumasi mai tef uwarsa kwando guda ta cinye. Mma ta fashe da dariya, dariyarta ta farko tun da aka binne ɗanta, har tana share ido da bakin zane. Washegari ta dubi wuyan Memuna, ta daɗe tana dubansa, ta ce in yi yadda na gani.

Ni da kaina nake dafawa, ni nake ɓarewa, safe da yamma, in zauna in tabbatar ta cinye. Kumatunta suka ciko, jirin ya tafi, ta fara kirana Bra Ishaya kamar yadda suke kiran wa a can. Matan maƙwabta suka riƙa leƙowa suna tambayar sirrin, ni kuwa kaina ya kumbura, ina ba su darasi a kan ƙasa mai lafiya. Ban taɓa jin ni mutum ne mai amfani ba kamar a watannin nan.

Cikin ya tsufa lokacin da mutanen jami'a suka zo daga Kumasi. Da hantsi na same su a fadama, wata malama da takalmin roba da ɗalibanta da kwalabe, su ma tsutsa suke tonowa, amma da safar hannu. Na gaishe su da ɗan Turancina na sakandare, na zolaye su cewa suna wahala a banza, su zo in nuna musu inda arzikin yake. Malamar ta dubi inda na nuna, ta dubi gwangwanina, ta tambaya ko kamun kifi nake. Na ba ta labarin agwagi da alfahari. Ta tambayi wa ke cin ƙwan, na ce mai ciki. Ta tambaya tun yaushe, na faɗa mata. Sai ta cire safar hannunta ta ce in zauna a kan wani kututture.

Ta ce tun bara suke ɗibar ƙasar wurin suna gwadawa, kuma kwarin nan nawa shi ya fi ko'ina zaiba. Zaibar ba ta zama inda ta faɗi. Ambaliya tana kwashe ta ta shimfiɗa a fadama, ta shiga cikin laka ta sake kama, ta zama irin wadda jiki ke sha. Tsutsa kuwa aikinta ke nan, haɗiyar ƙasa dare da rana.

"Amma Madam," na ce, "dubi ƙibarta. Lafiyarta ƙalau."

"Shi ne matsalar," in ji ta. "Ba ta mutuwa. Ajiyewa take yi."

Agwagwa ta ci tsutsa ta gaji abin da ta ajiye, ya taru a cikin ƙwai, uwa ta ci ya wuce zuwa ƙwaƙwalwar ɗan da ke cikinta. Na tambaye ta me zai sami yaron. Ta ce ba za ta rantse a kan komai ba, mai yiwuwa ba abin da zai same shi. Amma in abin ya taɓa shi, ba ranar haihuwa ake gani ba. Sai can gaba, lokacin da ya kamata ya yi tafiya ko ya yi magana, a ga ya makara.

Na riga su isa gida. Mma tana tsugune tana kankare tukunyar koko, Memuna tana zaune a inuwa. Na faɗa musu duka, ban rage ba, don in na tsaya ba zan iya ci gaba ba. Mma ba ta ɗago ba, ta ci gaba da kankara a wuri ɗaya. Memuna ce ta yi magana, a hankali, hannunta a kan cikinta.

"Kai ka ce likitoci sun ce."

Daga ranar ba ta sake kirana Bra ba.

Da malamar ta iso ta roƙi ƙwai ta tafi da shi ta gwada, Mma ta ba ta. Sannan ta roƙi a yanko mata ɗan gashi daga ƙeyar Memuna, wai gashi yana nuna yawan abin da ya shiga jiki. Ni ne tafinta, ni na juya maganar zuwa Hausa. Nan Mma ta miƙe tsaye. Ta ce ba baƙon da zai fita daga gidanta da gashin mai ciki a cikin kwalba, Allah kaɗai ya san hannun da zai faɗa da abin da za a yi da shi. Malamar ta dube ni don in taimaka. Mma ma ta dube ni.

"Ishaya, wannan ma camfi ne?"

Na san camfi ne. Na san gwajin nan shi kaɗai zai gaya mana inda muke. Amma sai na sunkuyar da kai ina kallon lakar da ke ƙafata. Suka tafi ba gashin. Har yau ina ganin da na daure na ce e, da ta yarda, ko don tsoro.

Da yamma na ƙi zuwa cin abinci, na zauna a bayan akurki. Mma ta kawo mini kwanon da hannunta ta ajiye a gabana. Na ce ba zan iya ba. Ta tambaye ni in da na sani zan ba ta ƙwan, na ce a'a. Ta ce to in ci abincina, tuwo ba shi da laifi. Da zagina ta yi, ko ta kore ni, ina jin da na samu sauƙi. Na ci tuwon, ita kuwa tana tsaye a kaina har na gama.

Bayan 'yan makonni wani ɗalibi ya zo a kan babur ya ce an gwada ƙwan, abin yana ciki. Wata maƙwabciya ta ba da shawara a kai agwagin kasuwa tun labari bai bazu ba. Mma ta ce abin da ba za ta ba gidanta ba, ba za ta sayar wa gidan wani ba. Ta shige ɗaki ta bar ni da aikin. Na haƙa rami a kan tudu nesa da ruwa, haƙa dai ita ce sana'ar da Gana ta koya mini. Ban sha wahalar kama su ba. Gwangwanin kawai na ɗaga, suka biyo ni a guje har bakin ramin.

Memuna ta haihu lafiya, namiji, aka sa masa sunan ubansa. Yatsunsa cikakku, kukansa har bakin titi. Mata suka yi guɗa, aka ce ashe tsoron banza aka ji. Ni kaɗai na riƙe maganar malamar a raina. Na zama mai gadin da aka yi mini alkawari a Kumasi, amma na jariri. In kaɗa cokali kusa da kunnensa in ga ko zai juyo, in sa yatsana a tafinsa in ji ƙarfin riƙonsa, har sai Memuna ta zo ta ɗauke abinta ba tare da ta dube ni ba. Ɗan maƙwabta da aka haifa kusa da shi ya riga shi zama, ya riga shi rarrafe. Mma ta ce in bar yaro ya sha iska, ubansa ma bai yi saurin zama ba. Ban sani ba ko gaskiya ne, ko don ni ta faɗa.

Na so in zauna har in ga ya taka ƙasa, amma ba a bar ni ba. Sojoji suka zo korar masu galamsi, aka ƙone sansanin, cinikin koko ya mutu, aka fara kama marasa takarda. Ni da na yi ta bin layi don in sa kaki, sai ga ni ina ɓuya a bayan rumbu in na ji ƙarar motarsu. Mma ta ce in tafi gida tun ba a tafi da ni wani wuri ba. Ta ƙulla mini garin rogo da ƙuli a leda, ta ce in gaida uwata, in ce mata ta haifi ɗa mai taurin kai. Memuna ta fito da yaron a goye, ta juya baya don in ga fuskarsa. A tashar albasa ta Kumasi na yi jira har Allah ya kawo Malam Garba. Ya dube ni sama da ƙasa, bai tambaye ni kakin ba, ya ce in hau.

Na koma noman dawa a gonar babana. Mahaifiyata kaɗai na ba labarin duka, ita kuma ta sa sunan yaron a addu'ar matan zumunta a coci, ba tare da ta ce musu ɗan wane ne ba. Duk zuwan Malam Garba Kumasi sai in roƙe shi ya tambayi masu zuwa Dunkwa. An daɗe ba labari. Sai da yaron ya kai shekarun da yara ke damun mutane da surutu, sannan Malam Garba ya aiko mini da lambar wayar wani maƙwabcin Mma.

Ran kasuwa na shiga Zuru, na je wurin wani ɗan kabilar Ibo mai shago da ke ba da hayar waya a ƙarƙashin lema. Na kira, aka ce in jira a kirawo ta. Da na ji muryarta sai da na dafa tebur. Ta yi ta dariya, ta tambaya ko na ƙara tsawo, na ce ina nan yadda ta bar ni. Muka gaisa, ta tambayi uwata, na tambayi Memuna. Sannan na tambayi Seidu ƙarami. Ta ce yana tafiya, har gudu yake, awakin zango duk sun san shi. Na zauna a kan bencin mai shagon ina gode wa Allah a fili. Ta ce in tsaya, ga shi nan kusa, bari ta ba ni shi.

Na ji tana cewa, "Seidu, gai da kawunka na Nijeriya."

Na ji numfashinsa a kunnena. Na kira sunansa, na ce ina kwana, na tambaye shi ko yana lafiya, na ce ni ne Ishaya da na ɗauke shi yana jariri. Numfashin dai nake ji, da ƙarar yatsunsa a jikin wayar. Mma ta lallashe shi, ta sake lallashinsa. Daga baya na jiyo muryar Memuna ta ce wani abu gajere da yarensu, sai Mma ta karɓi wayar.

"Kunya yake ji," ta ce. "Bai saba da waya ba."

Tambayar tana bakina, ko a gida yana magana, ko ya taɓa kiranta kaka. Ita kuwa tana jira, kuma na san tsohuwar nan, na san abin da take jira shi ne kada in tambaya.

"Haka ne, Mma," na ce. "Yara suna da kunya."

"Suna da kunya," in ji ta.

Sai muka koma gaisuwa. Ta tambayi damina, na ce mata da godiya.